Ƙarar ƙwanƙwasa a injin fijo 504: a sauke injin ne ko akwai abin dubawa tukuna?

Sani Fadaman Mada:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah duk wanda ya san kan tsohuwar fijo ya taimaka mini da shawara. Motar marigayi mahaifinmu ce, Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, sabuwa ya saye ta a 1986. Bayan rasuwarsa ta yi kusan shekara uku a ajiye a rumfa. Bara na tashe ta, na sa batir da fulogi, aka wanke tanki da kafireta, ta ci gaba da tafiya lafiya lau.

Ranar Asabar na kai Hajiyarmu biki Jos. A hawan Panshanu na ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, da na rage giya sai ta ɗauke. A dawowa kuma, daga wajen Nabordo, sai wata ƙara daban ta taso daga cikin injin, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Haka na lallaɓa har gida. Makanikin da na fara kira ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce injin ya buga, a sauke. Na biyu ya ce in zuba baƙin mai mai kauri, ƙarar za ta tafi. Na rasa wanda zan bi. Ba na son motar nan ta mutu a hannuna, Hajiya har yau motar Malam take ce mata.

Usman Direba:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. Kafin komai, kada ka sake hawa titi da ita. Na yi shekaru ina jan fijo wagon daga Bauchi zuwa Gombe, kuma da idona na ga kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin a cikin injin, ya fasa bulok, wato gangar jikin injin, ya leƙo waje kusa da gadar Dindima, saboda mai motar ya ce bari ya ƙarasa Alkaleri. Injin da kuɗi kaɗan zai gyara ya koma sai 'yan gwangwan.

Oga Danladi Gareji:
Tafet ne wannan, ƙarfen da ke sa bawul (ƙofofin shigar fetur da fitar hayaƙi) su buɗe, kada a tsorata ka. Fijo in ta daɗe ba a saita bawul ba haka take kuka. Kawo ta in saita maka, aikin minti talatin ne.

Baba Garba Mai Fijo:
Wa alaikumus salam ɗana Sani. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Danladi, ka yi saurin yanke hukunci. Ba ka ji ƙarar ba, ni ma ban ji ba, kuma shi wanda ya ce a sauke ma bai tsaya ya ji ba.

Sani, injin da ya buga ba ya juyawa, ko kuwa ya juya da ƙyar yana ihu. Naka yana tashi, ya kawo ka gida da ƙafarsa. Ke nan yana gaya maka inda ke masa ciwo ne, saura mu saurara. Amsa mini waɗannan: da safe in ka tashe ta ƙarar ta fi yawa, ko sai ta yi zafi? In ka taɓa totur tana ƙaruwa? Fitilar baƙin mai tana kamawa? Yaushe rabonka da juye mai, kuma wane mai ka zuba?

Sani Fadaman Mada:
Amin Baba, na gode. Yanzu na tashe ta a cikin gida. Da sanyi kusan babu ƙarar, in ban da ƙwas biyu zuwa uku lokacin da ta kama, sai ta yi shiru. Bayan kamar minti goma, da ta yi zafi, sai ta dawo. In tana silo, wato tana aiki a tsaye ba a taɓa totur ba, ana ji kaɗan-kaɗan. In na ɗan ba ta wuta na riƙe a tsakiya, nan ta fi fitowa, haka ma daidai lokacin da na ɗaga ƙafa. Fitilar mai kuwa, tun watan jiya takan yi ƙyaf-ƙyaf in na tsaya a danja bayan doguwar tafiya, ina taɓa totur sai ta mutu. Wani mai wayarin ya ce mini suwic ne. Mai kuma na juye sau ɗaya tun da na tashe ta, irin na awo ne da ake sayarwa a galan.

Oga Danladi Gareji:
To ai tafet ma yana bin totur.

Injiniya Hauwa:
Oga Danladi, yana bi, amma da nasa salon. Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, zagaye ɗaya yake yi in karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu, shi ya sa kukan tafet ke zuwa siriri, cak-cak-cak, daga sama, ƙarƙashin murfin bawul. Ba ya jiran mai ya yi zafi kafin ya fito, kuma ba ruwansa da fitilar mai. Abin da Malam Sani ya faɗa ya fi kama da tazara ta yi yawa tsakanin metal, wato siririn ƙarfen da ke shimfiɗe a bakin kwanrod, da karanshaf. Ƙarfen nan biyu ba sa taɓa juna in injin na lafiya, wani siririn shimfiɗin mai ne ke tsakaninsu, wanda famfon mai ke turawa da ƙarfi. Da safe mai na da kauri, sai ya cike gurbin. Da ya yi zafi ya tsinke, sai ya zurare ta gefe, ƙarfin turin ya faɗi, fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. Ƙwas ukun nan na lokacin tashi kuwa, kafin mai ya iso wurin ne.

Duk da haka ban ce a sauke yau ba. Akwai abubuwa masu araha da ke kwaikwayon wannan ƙara, a fara fitar da su.

Kabiru Tokumbo:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko ba daɗi. Motar shekara kusan arba'in, me za ka gyara a ciki? Cire injin ka dasa na Toyota ko Nissan ɗan Kwatano, ka huta da kafireta da kwantak. Kayan fijo na asali sun yi wuya, jabu ya cika kasuwa. Yau metal, gobe ringi, jibi top, wato kan injin da ke rufe silinda. Kuɗin da za ka zuba a hankali sai ya fi na injin.

Alhaji Bappa Jekadafari:
Kabiru, ban yarda da kai ba. Ina da 504 a nan Gombe, ita nake shiga zuwa gona ta hanyar Dukku, kuma injinta na asali ne. Wannan mota ta fito a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa fijo a 1975, kuma an ci gaba da haɗa 504 a ƙasar nan shekaru masu yawa bayan Turai ta daina. Duk garin da ka shiga a Arewa akwai wanda ya san ta. An yi injinta ne don a riƙa gyarawa: silib ɗinta, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, zarewa ake yi a sa sabo, ba sai an kai bulok boring ba. Wanda ya dasa mata baƙon injin sai ya yanka nan, ya yi walda can, giya ba ta zauna daidai ba, waya a hargitse. Na ga uku da aka yi wa haka, babu wadda ta ƙara daraja.

Kuma yaron nan ba motar haya yake tambaya a kai ba. Motar mahaifinsa ce.

Kabiru Tokumbo:
Alhaji, Allah ya ba ku haƙuri, ban raina motar ba. Aljihunsa nake tausaya wa. In karanshaf ɗin ya ci sosai za ku zo kan maganata.

Alhaji Bappa Jekadafari:
In ya ci, a gurza. In ya wuce gurzawa, a nemo wani a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ba a kai ga nan ba tukuna.

Baba Garba Mai Fijo:
A bar maganar dashe, mara lafiya ko gwaji ba a yi masa ba.

Sani, ƙara biyu ka ji, kada ka haɗa su. Ta hawan Panshanu, mai kama da tsakuwa a gwangwani, wuta ce ke fashewa a silinda ba kan ƙa'ida ba. Abin da ke kawo ta: taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, ya yi gaba da yawa, ko fetur mara kyau irin wanda aka gauraya da kananzir, ko dattin hayaƙi ya taru a kan fistin, ko injin na zafi fiye da kima. Tana fitowa in mota na jan nauyi a babbar giya, ka rage giya ta ɓace, kamar yadda ka gani. Wannan a waje ake maganinta, ba sai an buɗe injin ba. Amma duk fashewa ɗaya guduma ce a kan fistin, kuma metal ɗin kwanrod ne ke karɓar dukan. Wa ya saita maka distiribito, mai raba wa fulogi wuta?

Ta biyun ita ce abin damuwa. Ga abin da za ka yi gobe, a cikin gida, ba tare da motar ta motsa ba. Ka tuɓe babbar riga, ka naɗe hannun riga, fanka ba ta da sabo.

Fara da zaro sandar awon mai ka duba a rana. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, ka gaya mini. In ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, wannan wata magana ce.

Sai ka cire fanbel ka tashe ta na minti ɗaya, kada ka wuce haka don ruwa ba ya zagayawa. Ka yi wannan bayan ta riga ta yi zafi. In ƙarar ta ɗauke, to famfon ruwa ne ko altaneto ko fuli, ka yi hamdala. In tana nan, mayar da bel.

Ka samu doguwar sukudireba mai mariƙin katako ko roba, ka ɗora bakinta a jikin injin, mariƙin a kunnenka. Saurari murfin bawul, saurari gaba wajen murfin sarƙar taimin, saurari gefen bulok, sannan can ƙasa kusa da kaskon mai. Inda ta fi ƙarfi, nan gidanta yake. Sarƙar taimin in ta saki, shaf-shaf take yi a gaba kamar ana jan mari.

Taka kuloci ka saki tana silo. In ƙarar na canzawa da takawar, karanshaf na wasa gaba da baya ne, ko kuma kusoshin filawil, faifan ƙarfen da ke bayan injin, sun kwance.

Na ƙarshe shi ne babba. Kashe ta, ka sassauta wayoyin fulogi huɗun. Tashe ta, wani ya riƙe totur a inda ƙarar ta fi fitowa, kai kuma ka riƙa zare waya ɗaya-ɗaya da filaya mai roba, kana mayarwa. Silindar da ka zare wa wuta ƙarar ta ragu ko ta ɗauke, ita ce mai ciwon. Ka lura, a fijo silinda ta ɗaya ita ce ta baya, wajen filawil, ba ta gaba ba. Tsarin wutarta 1-3-4-2 ne, kada ka rikita wayoyin.

Injiniya Hauwa:
Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara don masu karatu: dalilin da zare waya ke aiki shi ne, in babu wuta a silindar, babu abin da zai danno fistin da ƙarfi, sai dukan da ke kan metal ɗin ya yi sauƙi. Fin ɗin fistin kuma, wanda ke haɗa shi da kwanrod, akasin haka yakan yi, ƙararsa bibbiyu take zuwa, kuma sau da yawa ba ta raguwa in an zare waya, wani lokaci ma ƙaruwa take. Fistin da ya yi sako-sako a silib shi ma yana ƙwanƙwasa, amma da sanyi, in ya ɗumama ya kumbura sai ya yi shiru. Na Malam Sani da zafi yake zuwa, don haka na cire wannan daga lissafi.

Usman Direba:
A duba injin sit, wato mazaunin injin, da salansa ma. Na taɓa kwana biyu ban yi barci ba a kan wata ƙara, ashe robar injin sit ce ta yage, salansa na dukan jikin mota. Gasket ɗin manifol in ya ƙone shi ma tak-tak yake yi kamar tafet.

Musa Wunti:
Ni ina goyon bayan makaniki na biyu. Na zuba mai mai kauri da wani sinadari na gwangwani a tsohuwar motata, ƙarar ta tafi, na yi wata huɗu ina hawa.

Baba Garba Mai Fijo:
Bayan wata huɗun fa, Musa?

Musa Wunti:
Na sayar da ita, Baba.

Baba Garba Mai Fijo:
To wanda ya saya shi ya ga ƙarshen labarin, kuma ina ba ka shawara tsakani da Allah, in ba ka gaya masa ba ka neme shi ka nemi yafiya. Mai mai kauri ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Toshe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Akwai ma masu zuba man giya a injin ranar da za su kai mota kasuwa. Wannan ha'inci ne, kuma yana iya jefa mutum da iyalinsa cikin daji da dare. Baƙin mai mai lamba 20W-50 mai kyau, a rufe a galan ɗinsa, ya ishi 504, lita huɗu take sha.

Musa Wunti:
Na karɓi gyara, Baba. Na san inda yake, zan same shi.

Sani Fadaman Mada:
Jama'a barkanmu da yamma. Na yi duk abin da Baba ya ce, ƙanina ya riƙe mini totur. Na cire fanbel, ƙara na nan. Kuloci bai canza komai ba. Injin sit lafiya. Da sukudireba, sama akwai ɗan cak-cak kaɗan, amma ƙwas ɗin daga ƙasa yake, wajen tsakiya. Da na zare waya ta uku in an ƙirgo daga baya, ƙarar ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya, ina mayarwa ta dawo har da ƙarfinta. Sauran ukun babu bambanci. Na juye man a faranti na kai rana, yana ƙyalli, kuma a ƙasan farantin akwai wani baƙin abu kamar kwalta. Distiribito kuwa wani yaro ne ya murɗa shi da kunne lokacin da muka tashe ta, ya ce haka za ta fi gudu.

Jikina ya yi sanyi wallahi. Ina ganin da na saurari fitilar nan tun watan jiya da ba a kai nan ba.

Oga Danladi Gareji:
Na janye maganata, ba tafet ba ne, ko da yake cak-cak ɗin saman nawa ne, a saita shi in an haɗa. Malam Sani, tunda silinda ɗaya ce, a sa sabon metal a wannan kwanrod ɗin kawai a rufe. Wasu na yin haka, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Baba Garba Mai Fijo:
A'a Danladi. A nan kam sai an sauke, yanzu da hujja za a sauke. Sabon metal a kan karanshaf mai kaushi ba ya kai wata guda. Kuma ba mu kawar da abin da ya kashe na farkon ba.

Sani, kada ka zargi kanka da yawa, ka tsayar da ita a kan lokaci. Ga yadda nake ganin abin ya faru. Mota ta yi shekara uku a tsaye, tsohon mai ya daskare a ciki. Ka zuba sabo sau ɗaya, na awo wanda ba a san asalinsa ba, ka kama doguwar hanya, zafi ya narko da dattin ya bi hanyoyin mai. Karanshaf ɗin fijo yana da rami a cikin kowane wuyan kwanrod, an toshe shi da murfi mai zare. Juyawar injin na wurga datti ya taru a ramin. In ya cika, sai ya tare ƙofar da mai ke bi zuwa metal. Yara da yawa yanzu ba su san da ramukan nan ba, sai su gurza karanshaf su mayar da dattinsa a ciki. Ka tsaya a kai a buɗe su huɗun a gabanka, a wanke har ka ga haske ta kowace ƙofa.

A auna wuyan karanshaf da maikuromita, ba da farce ba. In ya zama ƙwai ko ya yi zane, a gurza zuwa saiz na gaba, sannan a sayi metal daidai da awon da mai gurzawa ya rubuta. Kada a sayi metal kafin a gurza. A auna bakin kwanrod na uku shi ma, duka yakan buɗa shi. A duba famfon mai da rariyarsa, a sa sabuwar filta. In an cire top, kada kowa ya juya injin sai an danne silib da washa da kusoshi, in suka motsa hatimin ƙasansu ya tashi, ruwa zai gangara cikin mai. Top ɗin alminiyom ne, a bar shi ya huce kafin a kwance.

Injiniya Hauwa:
Idan an haɗa, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbin suwic a gani da ido, da sanyi da kuma zafi. Fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa ƙwarai, shi ya sa ƙyaf-ƙyaf ɗinta ba abin wasa ba ne. Taimin kuma a saita da fitilar taimin a kan alamar da kamfani ya yi, a daina na kunne. Oga Danladi, tazarar bawul da sanyi 0.10 ce ta shiga, 0.25 ta fita, a milimita.

Kabiru Tokumbo:
Ina nan ina jiran awon karanshaf. In ya tsira, ni da kaina zan taya ka neman metal na kirki, ina da mutane a Kano.

Alhaji Bappa Jekadafari:
Sani, ka tafi da tsohon metal ɗin kasuwa, bayansa akwai rubutu. In ba a taɓa gurza karanshaf ɗin ba tun daga Kaduna, kana da sauran rai mai yawa a cikinsa. Ina da gasket na top sabo a kwalinsa da na ajiye, zan ba direba a tasha ya kawo maka Bauchi. Ba sayarwa ba ne, sadaka ce ga Malam.

Sani Fadaman Mada:
Assalamu alaikum. Yau kwana goma sha biyu, ga yadda aka ƙare. Janta muka yi da igiya zuwa gareji, ba mu tashe ta ba. Baba Garba da kansa ya zo ya zauna a kan benci tun safe har la'asar, Oga Danladi ne ya kwance. Metal na uku ya cinye har jan ƙarfen ciki ya fito, sauran sun fara amma da sauƙi. Karanshaf sitanda ne, ba a taɓa gurza shi ba. Wuya na uku ya yi zane, aka gurza duka zuwa saiz na farko. Da aka buɗe ramukan da Baba ya faɗa, na ukun a cike yake dam da baƙin datti mai tauri, sai da aka sa ƙusa aka ƙwaƙule. Silib da fistin lafiya, ringi kawai aka canza. Yaya Kabiru ya cika alkawari, metal ɗinsa ya zauna daidai. Alhaji, gasket ya iso, Allah ya saka da alheri, Hajiya ta ce a gaishe ku.

Jiya da magariba ta tashi. Mun bar ta ta yi zafi sosai, fitilar mai ba ta ko motsa ba, agogon da Anti Hauwa ta ce a ɗaura ya tsaya cak a inda ake so. Na zagaya da ita ta Gidan Mai zuwa Yelwa na dawo. Hajiya na zaune a tsakar gida ta ji shigowarta, ta ce wannan kukan ta sani.

Baba Garba Mai Fijo:
Alhamdu lillahi. Kada ka matsa mata, kada ka ja ta a babbar giya tana nishi, kuma ban da Panshanu tukuna. Fetur a gidan mai, ka bar na bumburutu. In ta yi kilomita 1,000 ka kawo ta da sassafe kafin ta yi zafi, mu juye mai da filta, mu sake ɗaure top, Danladi ya sake bin bawul.